Harajin Gurɓata Ruwa da Haƙƙin a Ji Ta Bakinka: Tambayoyi da Amsoshi

Takardar yanka haraji ba ta da tsawo: sunan masana'anta, shekarar da ake magana a kanta, adadin kuɗi, da ranar ƙarshe ta biya. Amma a bayan wannan adadi akwai mitar da wani ya karanta, da kwalbar ruwan da wani ya ɗiba, da rukunin da wani jami'i ya ga ya dace ya saka ka. Kowanne daga cikinsu yana iya zama daidai, yana iya zama kuskure. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu masana'antu da hukumomin birane suka fi yi idan takardar ta iso.

Wane irin haraji ne wannan, kuma wa ke biyansa?

Kuɗi ne da hukuma ke karɓa daga duk wanda ke sako dagwalo cikin kogi, tafki ko magudanar ruwa, ko wanda ke jan ruwa mai yawa ya mayar da shi a gurɓace. Tushensa shi ne ƙa'idar nan ta cewa wanda ya ɓata shi zai biya, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, ta amince da ita a 1972, ta kuma shiga Sanarwar Riyo ta 1992, wato sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli, a matsayin ƙa'ida ta 16.

Kowace ƙasa da yadda take aunawa. Faransa ta kafa hukumomin kula da manyan koguna guda 6 da dokar ruwa ta 1964, su ke karɓar kuɗin. Holan ta soma a 1970, kuma har gidaje na biya: gidan mutum ɗaya ana lissafa masa ma'aunin gurɓatawa 1, gida mai mutane fiye da haka ma'auni 3. Jamus ta yi dokarta a 1976, aka fara karɓa a 1981. Indiya ta yi tata a 1977, inda aka riƙa lissafi da yawan ruwan da masana'anta ta ja, har zuwa 2017 da aka soke dokar. Ƙasar Sin kuwa ta mayar da tsohon kuɗin zubar da datti cikakken haraji daga 1 ga Janairun 2018.

Tunda mita da ɗakin gwaji ne ke ba da adadi, me kuma za a saurara?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, har da jami'an da ke aikin. Gani suke lissafi ne kawai, lissafi kuwa ba ya buƙatar bahasi. Amma kafin a kai ga lissafin akwai hannun ɗan Adam a kowane mataki.

Ɗauki tsarin Jamus. A can ana auna ɓarna da ma'auni guda wanda ya yi daidai da kilo 25 na naitirojin, ko kilo 3 na fosfaras, ko giram 20 kacal na makuri, ko dattin da zai cinye kilo 50 na iskar oksijin a gwajin sinadari. Kowane ma'auni yuro 35.79 ne. Masana'antar da dattinta ya ci kilo 5,000 na oksijin tana da ma'auni 100 ke nan, wato yuro 3,579. Idan ta cika ƙa'idojin tace ruwa da doka ta gindaya, ana yafe mata rabi. Idan kuwa gwajin hukuma ya nuna ta haura iyakar da ke cikin lasisinta, ana ƙara mata yawan ma'aunan, kuma rangwamen nan na iya kuɓuce mata. Ka ga kwalba guda ta ruwa na iya sauya kuɗin shekara sukutum.

To, ita kwalbar fa? Jami'i ya tsaya bakin bututu da safe, ya zura guga, ya cika kwalba, ya rufe, ya manna mata lamba. Wane bututu ne: wanda ke fitowa daga injin tacewa, ko wanda ke shiga? A lokacin ana wanke tankuna ne, ko aiki na tafiya yadda ya saba? Ɗiba ɗaya aka yi, ko an riƙa tarawa kaɗan-kaɗan tsawon awa 24? An sa kwalbar cikin ƙanƙara, ko ta yini a bayan mota cikin zafin rana? Ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan ba sa jira a kai ɗakin gwaji, suna ci gaba da aikinsu, shi ya sa ake ajiye samfur a sanyin kusan digiri 4, a kuma gwada shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ma kwana 5 cur yake ɗauka a digiri 20. Takardar sakamako ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an tambaya.

Akwai kuma abin da babu mai saninsa sai mai wurin. Ruwan da aka ja daga kogi yana iya zuwa da dattin wasu tun daga sama, dokar Jamus ta yarda a cire wannan daga lissafi, amma sai mai biya ya nema. A tsohuwar dokar Indiya, ruwan sanyaya inji da ruwan sarrafa kaya mai barin guba ba kuɗinsu ɗaya ba, don haka saka ruwa a rukunin da ba nasa ba na iya ninka haraji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma jami'in da bai tambaye shi ba ya hana kansa rabin labarin.

Daga ina wannan haƙƙi ya samo asali?

Ya girmi duk dokokin haraji. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa da Annabi (SAW) zai aiki Sayyidina Aliyu Yaman, ya hore shi da cewa idan mutum biyu suka kawo masa ƙara kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyun kamar yadda ya ji ta na farko. A Ingila, a 1723, kotu ta mayar wa Dakta Bentley digirorinsa da Jami'ar Kambirij ta ƙwace ba tare da ta saurare shi ba, har ɗaya daga cikin alƙalan ya kawo misali da cewa Annabi Adamu ma sai da aka kira shi ya yi bayani.

A yau yana rubuce a wurare da dama: sashe na 41 na kundin haƙƙoƙin Tarayyar Turai, sashe na 7 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta 1981, da tsarin mulkin ƙasashe masu yawa.

Dokar harajin da aka yanka mini ba ta ambaci sauraro ba. Ke nan ba ni da ta cewa?

A yawancin wurare kana da ita. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ta faru a Landan a 1863. Wani mai suna Cooper ya fara gini ba tare da ya ba hukumar yankin sanarwar kwana 7 da doka ta ce ba. Dokar ta ba hukumar ikon rushewa, ba ta ce uffan game da sauraro ba, hukumar kuwa ta rushe. Kotu ta ce hukumar ta yi laifi: inda majalisa ta yi shiru, adalci ne ke cike gurbin. Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta farfaɗo da wannan ƙa'ida a shari'ar Ridge a 1963, Kotun Ƙolin Indiya ta faɗaɗa ta a shari'ar Maneka Gandi a 1978, Kotun Tarayyar Turai kuma ta ce a shari'ar Sopropé ta 2008, wadda ta shafi kuɗin kwastan, haƙƙin yana aiki ko da dokar ba ta tanade shi ƙarara ba.

Shiru daban, hani daban. Idan majalisa ta rubuta baro-baro cewa za a yanka kuɗi tukuna sannan a saurari ƙorafi, kotuna kan bi, muddin sauraron da zai biyo baya na gaske ne.

Me ake nufi da sauraro na gaske?

Da farko, sanarwa kafin a yanke shawara, wadda ta faɗi adadin da ake shirin yankawa da yadda aka same shi. Takardar da ta ce "ka zo ka kare kanka" ba tare da ta faɗi a kan me ba, ba sanarwa ba ce. Sai a nuna maka hujjojin: karatun mita, rahoton ɗakin gwaji, rahoton jami'in da ya zo dubawa. Kotun Ƙolin Indiya ta soke wani haraji a 1954, a shari'ar masaƙar Dhakeswari, saboda an dogara da bayanan da aka ƙi nuna wa kamfanin, aka kuma ƙi duba nasa hujjojin. Harajin kuɗin shiga ne, amma dalilin ya hau kan na ruwa daram.

Bayan haka sai lokaci isasshe. Wanda zai nemo takardun shekara uku, ya kuma sami ƙwararren da zai duba sakamakon gwaji, kwana biyu ba su ishe shi ba. Sannan wanda zai yanke shawara ya zama ba shi da wata maslaha a ciki, kuma idan an ɗaukaka ƙara kada ta koma hannun wanda ya yanka kuɗin shi kaɗai.

Na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran tona asiri, shi ne dalili a rubuce. Idan ka kawo hujjoji shida aka amsa maka da layi ɗaya cewa "an duba, ba a gamsu ba", ba yadda za a yi kai ko kotu ku san ko an buɗe fayil ɗin ma.

Dole ne a zauna da ni ido da ido?

Ba kullum ba. Idan gardamar ta lissafi ce ko ta fassarar doka, bayani a rubuce kan wadatar. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta faɗi haka a 2006 a shari'ar Jussila, kan wata tarar haraji ta kimanin yuro 300 a Finlan. Kotun Ƙolin Amurka kuma, a shari'ar Mathews ta 1976, ta ce a auna abu uku: girman abin da mutum zai rasa, yiwuwar kuskure idan ba a ƙara wani mataki ba, da nauyin da matakin zai ɗora wa hukuma.

Amma idan maganarka da ta jami'i sun yi karo, shi ya ce daga bututun fita ya ɗiba kai ka ce daga na shiga, to ka nemi zama, ka nemi a ba ka damar yi masa tambayoyi. Ka nema a rubuce. Dokar Holan ma ta wajabta wa hukuma ba mai ƙorafi damar a saurare shi kafin ta amsa ƙorafinsa.

An ƙara kuɗin kowane ma'auni ba a tuntuɓe ni ba. Wannan ma tauye haƙƙi ne?

A'a. Shari'o'i biyu daga birnin Denver na Amurka sun raba gardamar. A 1908, da aka ɗora wa wasu 'yan tsirarun masu filaye kuɗin gyaran titi, kowa da nasa kaso, kotu ta ce dole a saurare su. A 1915, da aka ɗaga ƙimar dukiyar birnin gaba ɗaya da kashi 40 cikin 100, kotu ta ce ba za a saurari kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Kuɗin da ya hau kan kowa, majalisa ake kai kukansa. Lissafin da ya shafi bututunka kai kaɗai, shi ne ake jin bahasinsa.

Mitata ta lalace, ko ban miƙa bayanan shekara ba, sai hukuma ta yi ƙiyasi. Ina da bakin magana?

Laifinka ya ba hukuma damar yin ƙiyasi, kuma kada ka sa ran ƙiyasin zai yi maka sassauci. Bai ba ta damar cankar adadi daga iska ba. Ƙiyasi na buƙatar madogara: ƙarfin famfo da awannin da ya yi yana aiki, wutar da aka sha, yawan kayan da aka sarrafa, ko abin da aka auna a watannin baya. Kana da haƙƙin sanin wace madogara aka ɗauka, da nuna cewa, misali, masana'antar ta yi wata uku a rufe a wannan shekarar. Wanda aka aika wa sanarwa sau biyu ya yi kunnen uwar shegu kuwa, ba zai zo daga baya ya ce an hana shi magana ba. Dama ake ba mutum, ba a tilasta masa amfani da ita.

Tara fa? Ita ma haka?

Ita ta fi. Haraji biyan kuɗin ɓarna ne, tara kuwa horo ce, don haka ƙa'idarta ta fi tsauri. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a 2001, a shari'ar Ferrazzini, rikicin haraji zalla bai shiga sashe na 6 na yarjejeniyarta, mai tabbatar da shari'ar adalci, ba, amma a shari'ar Jussila ta ce tarar haraji ta shiga, domin tana da kamar tuhumar laifi. Tsohuwar dokar Indiya ta 1977 ta rubuta a sashe na 11 cewa ba za a ci tarar wanda ya makara da biya ba sai an ba shi damar bayani, idan kuma uzurinsa mai ƙarfi ne ba za a ci shi ba. Saboda haka ko ka yarda da harajin, kana iya jayayya da tarar ita kaɗai.

Takarda ta riga ta iso. Me zan fara yi, kuma sai na biya tukuna?

Fara da duba wa'adin ƙorafi, ka rubuta ranar da takardar ta shigo hannunka. A Jamus wata ɗaya ne, a Holan mako 6. Mutane da yawa masu gaskiya sun faɗi ne kawai don sun tsaya tattara hujja har wa'adi ya wuce. Gara ka shigar da gajeren ƙorafi a kan lokaci, ka ce cikakken bayani na tafe, ka nemi kwafin duk abin da aka dogara da shi.

Batun biya kuwa, a ƙasashe da dama ƙorafi ba ya dakatar da biya. Jamus misali ce: kuɗin da hukuma ta yanka ana binsa ko da an shigar da ƙorafi, sai dai a nemi dakatarwa daban. Idan za ka biya, ka rubuta cewa ka biya ne ba don ka amince ba.

Idan kotu ta tabbatar ba a saurare ni ba, na huta da biyan ke nan?

Da wuya. Abin da aka saba shi ne a soke takardar, a mayar da maganar wurin hukuma ta sake yi yadda ya kamata. Sabon adadin na iya raguwa, na iya tsayawa inda yake, wani lokaci ma ya ƙaru. Wasu kotunan ma ba sa soke komai sai ka nuna sauraron zai iya sauya sakamako, kamar yadda Kotun Tarayyar Turai ta faɗa a shari'ar Kamino a 2014. Don haka kada ka tsaya a kan "ba a ji ta bakina ba". Ka faɗi abin da za ka ce da an ji, ka ajiye takardar da ke tabbatar da shi.

Wannan duk ba gata ba ne ake yi wa masu kashe koguna?

Tambaya ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Akwai kamfanonin da suka mayar da neman sauraro sana'a: yau lauya ba shi da lafiya, gobe a nemi ƙarin takarda, shekara ta zagayo dagwalo na ta kwarara, kifi na ta mutuwa. Wannan cin amanar ƙa'idar ne, kuma hukuma na da ikon yanke wa'adi ta tsaya a kai, ta yanke shawara idan mutum ya ƙi zuwa.

Amma maganin jan ƙafa ba shi ne toshe kunne ba. Harajin nan an yi shi ne domin mai masana'anta ya zauna ya yi lissafi, ya ga gina injin tace ruwa ya fi masa sauƙi a kan biya. Dokar Indiya ta ba da rangwamen kashi 25 cikin 100 saboda wannan, ta Jamus ta ba da rabi. Ranar da wanda ya kashe dukiya ya tace ruwansa ya ga an yanka masa daidai da maƙwabcinsa da bai yi komai ba, kuma babu mai sauraronsa, ranar ce lissafin ya rushe, babu wanda zai ƙara saka kuɗi a tacewa. Ga kuma harajin da aka yanka da gaggawa, shi ne wanda babban kamfani ke kayarwa a kotu bayan shekaru, kuɗin da ya kamata a gyara kogi da su su maƙale. Ƙaramin mai sana'a da ba shi da lauya shi ke biyan kuskuren ya yi shiru.

Mutanen da ke shan ruwan kogin, su ba a jin ta bakinsu?

A wajen yanka wa wani haraji, galibi ba a ɗaukarsu a matsayin masu ruwa da tsaki, kuma wannan giɓi ne da ke damuna, domin su ne ke ɗauke da cutar. Ƙofarsu ta fi buɗuwa a wajen ba da lasisin zubar da ruwa da kuma neman bayanai. Ƙa'ida ta 10 ta Sanarwar Riyo da Yarjejeniyar Aarhus ta 1998 sun tanadi haƙƙin jama'a na sanin abin da ake zubarwa, da sa baki a shawara, da zuwa kotu. Tunda a tsari irin na Jamus iyakar da ke cikin lasisi ita ce tushen lissafin haraji, wanda ya yi magana a matakin lasisi ya taɓa harajin ma.

Me ya kamata in tanada tun kafin rikici ya taso?

Littafin karatun mita na kullum, da sa hannun wanda ya karanta. Takardar shaidar cewa an gwada ingancin mitar, da kwanan wata. Rikodin ranakun da aka tsayar da aiki ko injin tacewa ya sami matsala, tare da sanarwar da ka aika wa hukuma a lokacin. Sakamakon gwajin ruwan da kake ja, ba wanda kake saki kaɗai ba.

Ranar da jami'i ya zo ɗiban samfur, ka tura wanda ya san wurin ya tsaya tare da shi, ya rubuta bututu da lokaci da abin da ake yi a masana'antar a sa'ar. Ka nemi a raba samfurin biyu, a rufe kowanne da hatimi a gabanka. Dokar hana gurɓata ruwa ta Indiya ta 1974 ta tanadi haka a sashe na 21: a ba mai wurin sanarwa nan take, a raba samfur idan ya nema, ɓangarorin biyu su sa hannu a kan kwalaben, in ba a bi matakan ba sakamakon ba ya karɓuwa a matsayin hujja. Inda dokarku ba ta ce haka ba, ka ɗibi naka a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ka sa shi a sanyi, ka kai ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi a ranar.